Wayar Tebur a Ofis: Yadda Za Ka Miƙa Kira Ba Tare da Ka Yanke Wa Mutum Layi Ba

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nutse.

Yau maganar wata na'ura za mu yi wadda duk mun sha ganin ta amma da wuya ka ga wanda ya zauna ya koye ta. Wayar nan ta girke da ke kan tebur a ofis, a banki, a asibiti, a otal. Mai igiya a murɗe, mai maɓallai rututu, wasu da rubutu wasu da zane kawai.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Lokacin da nake bautar ƙasa an tura ni wani ofis. Kwanana uku da fara zuwa, matar da ke zama a teburin karɓar baƙi za ta fita cin abinci, ta ce min, “Ƙanina, riƙe min wayar nan minti goma.” Na ce, “Ba komai Anti, je ki abinki.” Ni da duk gidanmu ni ake kawo wa waya in gyara, wannan tsohuwar aba ce za ta gagare ni?

Ko minti biyu ba ta yi da fita ba waya ta ɗau ƙara. Wani dattijo ne, yana son magana da akanta. Na ce, “To Baba, ɗan dakata.” Na duba maɓallai, na danna wanda zuciyata ta ba ni. Ɗif, layi ya yanke. Ya sake kira, na ba shi haƙuri. Wannan karon na ce ba zan sake taɓa komai ba, sai na ajiye kan wayar a gefen tebur na ruga da ƙafa in kira akanta. Ban same shi ba. Ina dawowa na ce wa wani abokin aikina, “Kai, tsohon nan ya cika takura wallahi.” Na ɗauki waya na kara a kunne. Sai na ji murya a hankali ta ce, “Yaro, tsohon yana jin ka.”

Ashe babban kwastoman ofishin ne, shekara da shekaru suna hulɗa. Ranar har ofishin oga na shiga, kuma ba don a yaba min ba. Abin da ya fi min ciwo shi ne, maɓalli ɗaya tak da na sani da duk wannan bai faru ba.

To, kada wanda ya ji kunyar rashin iya wayar nan. A shekarar 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya. Kafin nan layukan NITEL ne, kuma gidaje ƙalilan ne ke da su. Duk wanda aka haifa daga wannan lokacin zuwa yau, da wayar hannu ya buɗe ido. Sai ran da ya samu aiki a zaunar da shi gaban wayar tebur, kuma ba wanda zai koya masa, kowa ya ɗauka ai ya sani.

Abu ɗaya nake so ku riƙe a duk shirin nan: wanda ya kira ofis amana ne a hannunka, tun daga lokacin da ka ɗaga har ka damƙa shi ga wanda zai biya masa buƙata. Maɓallan nan da suke ba ka tsoro, kusan dukkansu don wannan aikin aka yi su.

Mu fara da bambancinta da wayar hannu. Wayar hannunka taka ce kai kaɗai, lamba ɗaya, mutum ɗaya. Wayar ofis kuwa reshe ce a jikin bishiya. Akwai wata na'ura, ko akwati a wani ɗaki ko manhaja a kan intanet, da ake kira PBX. Ita ce uwar wayoyin. Duk kiran da ya shigo ta babbar lambar ofis wurinta yake fara zuwa, ita take rarraba shi. Kowane tebur yana da tasa gajeriyar lamba, yawanci lamba uku ko huɗu, kamar 104 ko 2210. Ita ce za ku ji ana cewa ekstenshan, mu a nan lambar ciki za mu kira ta. Idan za ka kira abokin aikinka a bene na sama, lambar cikinsa kawai za ka buga, kiran ba ya ma fita daga ofis.

Idan kuma waje za ka kira, a ofisoshi da yawa sai ka fara danna 9, wasu wuraren 0, sannan lambar. Wannan 9 ɗin kamar neman izini ne, kana ce wa uwar wayoyi ba ni layin waje. Kada ku raina wannan. A watan Disamba na 2013, a wani otal a jihar Texas ta Amurka, an kai wa wata mata mai suna Kari Hunt hari a ɗaki. 'Yarta mai shekara tara ta ɗauki wayar ɗakin ta buga 911, lambar neman agajin gaggawa a can, har sau huɗu, kira bai tafi ba, saboda ba ta san sai an fara danna 9 ba. Matar ta rasu. Wannan ne ya sa aka yi wata doka a Amurka da aka sa wa sunanta, wadda ta fara aiki a 2020, ta wajabta sababbin tsarukan waya na otal da ofis su bari lambar gaggawa ta tafi kai tsaye. Mu a Najeriya 112 ce lambar. Saboda haka ranar farko da ka zauna a tebur, ka tambaya: idan wani abu ya faru, 112 zan buga ko sai na sa 9 a gaba? Matambayi ba ya ɓata.

Yauwa. Yanzu mu kalli fuskar wayar. Ko Cisco ce, ko Yealink, ko Panasonic, ko Grandstream, ko Avaya, tsarin kusan ɗaya ne. A ƙarƙashin ɗan allon akwai maɓallai uku ko huɗu da ba a rubuta komai a jikinsu ba. Waɗannan ba su da aiki tsayayye, aikinsu shi ne abin da allo ya rubuta a samansu a wannan lokacin. Waya na ajiye, za su nuna abu kamar tarihin kira da jerin sunaye. Da ka ɗaga kira, sai rubutun ya canja ya koma Hold, Transfer, Conference, End. Nan ne na faɗi a labarina, na danna ban karanta ba, ashe na kashewa ne. Ka'ida: duba allo kafin ka danna.

A gefen allo kuma akwai maɓallai masu ƙananan fitilu. Na layi ne. Kowane kira da ke hannunka yana da fitilarsa. Wani lokaci ana saita wasunsu da sunayen abokan aiki, yadda da ka kalla za ka san wane yana kan waya ko wayarsa a ajiye take. A yawancin wayoyi kore na nufin babu kowa a layin, ja na nufin yana magana, mai ƙyaftawa kuma wayarsa ce ke ƙara. Wannan zai rage maka tura mutum wurin wanda ba zai ɗaga ba.

Wani ɗan sirri: maɓallin ƙara murya aiki biyu yake yi. In ka danna shi waya na ajiye, ƙarar kira kake ƙarawa ko ragewa. In ka danna kana cikin magana, muryar da kake ji ce. Da yawa sukan rage shi har ƙasa ba su sani ba, su wuni suna cewa yau ba a kira ba, alhali waya tana ta ƙyafta fitila shiru. Sannan in za ka buga lamba, ba dole ka fara ɗaga kan waya ba. Rubuta lambar tukuna, ka dube ta a allo, in da kuskure ka goge, sannan ka ɗaga. In ka ga ta tsaya jim ba ta tafi ba, jira take ko za ka ƙara wata lamba, danna Send ko alamar # ta wuce.

To, mu zo kan manya biyun da ake yawan haɗawa: Hold da Mute.

Mute makirufo ɗinka kawai yake kashewa. Zanensa makirufo ne da aka ja wa layi, kuma yawanci yakan kunna jar fitila. Kai kana jin mutum, shi ba ya jin ka. Na tari ne, na atishawa, na lokacin da babur ya wuce da ƙara, ko za ka tambayi na kusa da kai abu cikin daƙiƙa biyar. Shi mai kiran bai ma san ka danna ba.

Hold kuwa jingine kiran kake yi gaba ɗaya. Ba ya jin ka, ba ka jin sa, shi yana jin kiɗa ko wani ɗan sauti da ke nuna masa layi bai yanke ba. Da Hold za ka iya tashi ka duba fayil, ka ɗaga wani kiran, ko ka kira wani a ciki ka yi tambaya. In ka dawo, ka danna Resume ko maɓallin layin da ke ƙyaftawa.

Ajiye kan waya a tebur, ko toshe shi da tafin hannu, ba Hold ba ne, ba Mute ba ne. Makirufon nan yana da kunne fiye da yadda kake zato. Ni shaida ne. Kuma ko ka danna Mute ɗin, ka saba wa bakinka kada ya faɗi abin da ba za ka so mai kira ya ji ba, don wata rana za ka zaci ka danna alhali ba ka danna ba.

Hold ma yana da ladabi. Ka nemi izini: “Hajiya, zan ɗan jingine ki minti ɗaya in duba, kin yarda?” Ka jira ta amsa. In abin ya ja, ka dawo ka ce, “Ina nan ban manta da ke ba, ko in karɓi lambarki in kira ki?” Ku tuna, da kuɗinta take kira. Kai kana zaune a sanyin ofis, ita katinta ke ƙonewa tana sauraron kiɗan da ba ta zaɓa ba. Minti biyu a Hold ga mai jira kamar minti goma ne.

Yanzu ga uban tafiyar, wato Transfer, miƙa kira. Ba tiransifar kuɗi ba fa, kada wani ya fara murna.

Aikin nan ya girme mu duka. A 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a garin New Haven na Amurka. A wancan zamanin mutum ne ke zama gaban allo mai ramuka, in ka kira ka gaya masa wanda kake nema, ya zare igiya ya cusa a ramin wancan. Da farko samari aka ɗauka aikin, sai aka ga suna yi wa masu kira rashin kunya da wasa, aka koma ɗaukar mata. Ta farko ita ce Emma Nutt, a birnin Boston, a wannan shekarar. Kun ga tun asali ba iya haɗa igiya kaɗai ake nema ba, har da iya magana. Yau maɓallin Transfer ne ya maye gurbin igiyar, kai ne kuma a kujerar.

Miƙa kira iri biyu ne. Na farko, na jefawa. Ka danna Transfer, ka buga lambar cikin wanda ake nema, ka sake danna Transfer nan take ba ka jira ya ɗaga ba. Kira ya bar hannunka. Yana da sauri, amma ba ka san inda ya faɗa ba. In mutumin ba ya nan, mai kira zai yi ta jin ƙara, ko ya faɗa akwatin saƙo, ko ya yanke ya sake kira da fushi.

Na biyu, na rakiya. Ka danna Transfer, wayar da kanta za ta jingine mai kira. Ka buga lambar ciki, ka jira a ɗaga. Ka ce, “Malam, ga wani Alhaji a layi, maganar takardar biyan kuɗin watan jiya ce, in haɗa ku?” In ya ce to, ka sake danna Transfer, shi ke nan sun haɗu, kai ka fita. In ya ce yana cikin taro, ko bai ɗaga ba, ka danna Cancel ko End na wannan kiran na biyu, ka koma kan fitilar da ke ƙyaftawa, ka ce, “Alhaji, ba ya kusa, in karɓi saƙo?”

Kamar baƙo ne ya zo gidanku yana neman Baba. Akwai yaron da zai nuna da baki ya ce yana ciki. Akwai wanda zai ce bismillah zauna, ya shiga ya sanar, ya dawo ya yi masa iso. Duk mun san wanda ake cewa yana da tarbiyya. Na rakiya yana ƙara maka daƙiƙa ashirin ne kawai, amma yana hana mai kira maimaita labarinsa daga farko, yana kuma ba abokin aikinka damar buɗe fayil kafin ya ce sallama. In kira na ciki ne tsakanin abokan aiki, jefa abinka. In baƙo ne, ko mai ƙorafi, ko babba, raka shi.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Ɗaya, mantawa da danna Transfer na biyu. Ka yi magana da akanta, ka ajiye waya kana ganin ka gama. A wasu wayoyin ajiyewar tana kammala miƙawa, a wasu kuwa mai kira yana nan a jingine shi kaɗai kamar an manta da shi a tasha. Ka gwada taku ka san halinta. Biyu, rashin faɗa wa mutum inda za ka tura shi. Kafin ka danna komai ka ce, “Zan haɗa ka da sashen kuɗi, in layi ya yanke lambar cikinsu 104.” Ko an samu matsala, ba zai fara daga sifiri ba.

Akwai wasu ƙanne biyu na Transfer da mutane ba su cika sani ba. Na farko Park. Misali an kira ana neman mai kula da sito, shi kuma ba ya zama a tebur, yana yawo cikin gini. Ka danna Park, tsarin zai ajiye kiran ya nuna maka wata lamba a allo, a ce 71. Ka aika a gaya masa yana da kira a 71. Duk wayar da ta fi kusa da shi ya ɗauka ya buga 71, sai ga mai kira. Bambancinsa da Hold shi ne, Hold a wayarka kiran yake, Park kuwa a tsakar gida yake, kowa zai iya ɗauka. In ba a ɗauka ba bayan ɗan lokaci, yawanci yakan dawo wa wanda ya ajiye shi.

Na biyu Pickup. Wayar maƙwabcinka na ta ƙara, ya fita. Ba sai ka tashi ka zagaya teburinsa ba. Daga taka za ka janyo kiran, ko da maɓallin Pickup ko da wata gajeriyar lamba. A wasu tsarukan *8 ce, amma kowane ofis da tasa, ka tambayi mai kula da na'urori.

Sai Forward, wato karkatar da kira. Shi Transfer kira ɗaya kake miƙawa bayan ka ɗaga. Forward kuwa umarni kake bar wa waya: duk wanda ya kira, wuce da shi wuri kaza. Za ka iya cewa duka kira, ko sai in kana kan layi, ko sai in ta yi ƙara ba a ɗaga ba. Za ka tafi hutu, ka karkatar zuwa wanda zai riƙe maka aiki, amma ka gaya masa tukuna, kada ya ga kira na ta sauka bai san dalili ba. In zuwa wayar hannunka za ka karkatar, ka rubuta lambar yadda za ka buga ta daga tebur, har da 9 ɗin in ana sawa. Ka kuma sani ofis ne ke biyan kuɗin wannan ɓangaren, shi ya sa wasu wuraren suke rufe shi.

Abokin tafiyarsa DND, wato kar a dame ni. In ka kunna, waya ba za ta yi ƙara ba, kira zai wuce akwatin saƙo ko mai kira ya ji kamar kana kan layi. Yana da amfani lokacin taro. Matsalarsa ɗaya da Forward: mantuwa. Ka kunna ranar Alhamis, Litinin oga ya zo da kansa yana tambayar me ya sa ba a samun ka. Saboda haka kullum da safe kalli allo. In ka ga wata alama da ba ka saba gani ba, kibiya a lanƙwashe ko da'ira mai layi a tsakiya, to akwai abin da ka bari a kunne.

Conference kuma haɗa mutum uku ne ko fiye a kira ɗaya. Matakan kamar na rakiya ne: kana magana da na farko, ka danna Conference, ka kira na biyu, ya ɗaga, ka sake dannawa, ku duka ku haɗu. Abu biyu za ka kiyaye. Kada ka danna Hold a cikin babban taron waya, don a tsaruka da yawa kiɗan jiran ofishinku zai tashi a kunnen kowa, taro ya tsaya ana tambayar wane ne. Mute za ka danna. Sannan a wasu wayoyin, in kai da ka haɗa taron ka ajiye, kowa ya yanke. Haka in za ka sa lasifika, faɗa wa mutum: “Na sa ka a sipika, ga wane da wance a nan.” Bai kamata mutum ya saki baki yana zaton ku biyu ne ba.

Jar fitilar nan da ke saman waya tana ƙyaftawa ko an gama kira fa? Ba lalacewa ta yi ba. Yawanci saƙon murya ne ke jiran ka, ko kiran da ka rasa. Mu ba mu saba da akwatin saƙo a wayar hannu ba, mun fi gane filashin da saƙon WhatsApp, amma a ofis mutane na barin saƙo, kuma suna jiran amsa. Danna maɓalli mai zanen ambulan, ka sa lambar sirri, ka saurara. Lambar sirrin nan kuma ka canja ta ranar farko. In aka bar ta a 1234 ko 0000, ɓarayin layi na iya shiga ta nan su yi ta kiran ƙasashen waje, ofis ya wayi gari da bashin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka in wani da ba ka sani ba ya kira ya ce shi injiniyan kamfanin waya ne, ka miƙa shi zuwa 9 ko wata doguwar lamba don gwaji, kada ka yi. Layin waje yake so ka buɗe masa. Ka ce zai ji daga mai kula da na'urorinku.

Mu leƙa bayan wayar kaɗan. Yawancin na yanzu ta intanet suke aiki, igiyar da ke shiga bayansu irin ta kwamfuta ce. Sau da yawa ba za ka ga caja ba, saboda wuta da magana duk ta igiya ɗaya suke zuwa, abin da ake kira PoE. Ramuka biyu ne masu kama da juna, ɗaya na igiyar da ta fito daga bango, ɗaya an rubuta PC, shi ke miƙa wa kwamfutarka intanet. Ka ga kenan in ka zare wayar don ka matsar da tebur, kwamfutarka ma za ta rasa intanet, kuma wayar za ta ɗauki ɗan lokaci kafin ta farfaɗo. Ramin kan waya da na hedfon su ma kamarsu ɗaya, in ka ɗaga ka ji shiru bayan an yi shara, duba ko an musanya su.

Tsohuwar wayar girke daga cibiyar kamfanin waya take samun wutarta, shi ya sa ko an ɗauke wuta tana aiki. Ta yanzu kuwa in wuta ta tafi kuma babu inbata ko batirin ajiya a ɗakin na'urori, ta mutu har sai janareta ya tashi. Shi ya sa in kira mai muhimmanci ne, ka karɓi suna da lambar mutum tun a farkon magana. In layi ya yanke, kai za ka kira, ba shi ba.

Sai gargaɗi na 'yan'uwantaka. Uwar wayoyin nan tana rubuta komai: wace lambar ciki ce ta kira, wa ta kira, ƙarfe nawa, minti nawa. Wasu wuraren, musamman bankuna da cibiyoyin kula da kwastoma, har muryar ake naɗa. Saboda haka hirar masoyi ta awa guda bayan an tashi aiki, a bar ta a wayar hannu.

Daga ƙarshe, duk iya danne-dannen nan ba zai yi amfani ba in baki bai iya ba. Kada ka ɗaga wayar ofis ka ce, “Hello, wa ke magana?” Shi ya kira, shi ke da haƙƙin sanin inda ya faɗo. Ka yi gaisuwa, ka faɗi sunan wurin, ka faɗi naka, ka tambayi buƙatarsa. Ka ɗaga kafin ta yi ƙara ta huɗu. Biro da takarda su zauna kusa da waya, ka rubuta suna, lamba, lokaci da saƙo, ka maimaita masa lambar ya ji. Kuma in an gama, bar shi ya fara ajiyewa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a waya kuwa muryarka ce fuskar.

Ga aikin gida. Gobe in ka je ofis, ko ke in kin je, a samu abokin aiki ɗaya lokacin da babu cunkoso. Ya kira ka da wayar hannunsa. Ka jingine shi ka dawo da shi. Ka sa Mute ka tambaye shi ko yana jin ka. Ka miƙa shi tebur na gaba da rakiya, sannan ka gwada fasa miƙawar ka dawo da shi. Minti goma ya isa. Sannan ka rubuta lambobin ciki guda biyar da aka fi nema, da lambar fita waje, da yadda ake kiran 112, ka manna a gefen waya. Gara ka yi kuskuren a kan abokinka da ka yi shi a kan dattijon da ke riƙe da rabin cinikin ofis.

Shi Baban nawa kuwa, daga baya mun shirya. Duk ran da ya kira ya ji muryata sai ya ce, “Yaro, tsohon nan ne mai takura.” Ni kuma in ce, “Baba, a yi haƙuri, yanzu zan haɗa ka,” in raka shi har teburin akanta.

Ku faɗa mana naku abin kunyar da wayar ofis ta taɓa ja muku, mun san ba ni kaɗai ba ne. Wanda kuma ya san wani da zai fara aiki ko bautar ƙasa kwanan nan, ya tura masa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.